Biyan ma'aikaci da kyau, ribar wa? Tambayoyin masu gida da amsoshinsu

Duk lokacin da maganar albashi ta taso a Najeriya, sai gari ya rabu biyu: 'yan ƙwadago na cewa a ƙara, masu kamfanoni na cewa in aka ƙara za su durƙushe. Wannan shafi na ɓangare na biyu ne: mai shago a Kantin Kwari, mai gidan burodi, mai makarantar kuɗi, mai injin casar shinkafa, da Alhajin da ke da direba da maigadi. Tambayoyin irin waɗanda suke yi ne, amsoshin kuma an gina su ne a kan lissafin aljihunsu.

Idan na ƙara wa ma'aikatana albashi, ba ribata ce za ta ragu ba?

A watan farko, i, za ta ragu. Babu amfanin ɓoye wannan. Abin da ake mantawa shi ne, albashi ne kaɗai kuɗin ma'aikaci da ke fitowa fili a littafin lissafi. Sauran asarar ba ta da layi a littafin. Yaron da ya ajiye aiki ranar Litinin ba tare da sanarwa ba, injin da ya kwana biyu a tsaye saboda wanda ya iya shi ya koma tuƙa Adaidaita, kwastoman da ya bi tsohon yaronka zuwa shagon maƙwabci, duk kuɗi ne, sai dai ba a rubuta su.

Ɗauki gidan burodi. Mai tsaron tanda da ya shekara uku a wurin ya san zafin wutarsa da ido, ya san fulawar da ke shan ruwa da wadda ba ta sha, ya san lokacin hunturu kwaɓi kan yi jinkirin tashi. Ranar da ya tafi saboda wani ya ɗora masa dubu goma a kai, sabon da ka ɗauka zai ƙona maka zubi ɗaya ko biyu kafin hannunsa ya faɗa. Lissafa buhun fulawa, sukari, bota, itace ko gas, sannan ka ƙara da masu shayin da suka zo da asuba ba su samu burodi ba suka wuce wani gidan. Sau da yawa asarar sati ɗaya ta fi ƙarin da ka hana na wata uku. Araha dai ba ta ado.

An taɓa samun attajirin da ya ƙara albashi da kansa kuma ya ci riba, ko labarin 'yan boko ne?

An samu, kuma labarin da ya fi shahara shi ne na Henry Ford, mai kamfanin motoci a Amurka. A 1913 ya shigo da tsarin da mota ke tafiya a kan layi, kowane ma'aikaci na tsaye wuri ɗaya yana maimaita abu ɗaya daga safe har yamma. Aikin ya yi sauri, amma mutane suka tsane shi. A wannan shekarar sai da kamfanin ya ɗauki mutum kusan 50,000 don kawai ya riƙe guraben aiki kimanin 14,000. Wato kowane gurbi sai an cika shi fiye da sau uku a shekara. Kowane sabon shiga kuma sai an koya masa, kuma in mutum ɗaya bai zo ba, layin gaba ɗaya ke tangal-tangal.

A Janairun 1914 Ford ya sanar da dala 5 a rana, alhali a da ana biyan dala 2.34, ya kuma rage awannin aiki daga 9 zuwa 8. Sauran masu masana'antu suka ce ya haukace. Zuwa 1915 yawan masu barin aiki ya faɗo ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, fashin aiki ya ragu, ribar kamfanin kuma ta ci gaba da hawa.

Ana yawan cewa ya yi haka ne don ma'aikatansa su iya sayen motarsa. Wannan ya zo daga baya, kuma ya yi daɗin faɗa. Ainihin abin da ya dame shi tun farko shi ne tserewar ma'aikata. Ford ba waliyyi ba ne: ya kafa sashe na musamman da ke shiga gidajen ma'aikata yana duba ko suna shan giya, ko gidansu na da tsafta, kafin a ba su cikakken kuɗin, kuma ya daɗe yana yaƙar ƙungiyar ƙwadago. Shi ya sa ma misalinsa ke da amfani a nan. Mutum ne mai son kuɗinsa, ya zauna ya yi lissafi, lissafin ya ce ya ƙara.

Amma a nan marasa aiki sun yi yawa. In ɗaya ya tafi, goma na layi. Me zai dame ni?

Goman da ke layi hannu ne, ba su san shagonka ba. Yaron da ya daɗe da kai a Kwari ya san wane baƙo daga Maraɗi ke biyan bashi a kan lokaci, wane ne sai an bi shi da waya, wace atamfa ce ke tafiya a Agadas, wace ce ke kwantai. Wannan sanin ba a sayen sa a bakin titi, kuma ranar da ya fita da shi yake fita.

Masu makarantun kuɗi sun fi kowa shan wannan. Malamin lissafi mai digiri da ake biya abin da bai kai kuɗin motarsa na wata ba, yana koyarwa ne da ido ɗaya a kan allo, ɗaya a kan hanya. Da ya samu jarin POS ko gurbin aikin gwamnati, ya tafi a tsakiyar zango. Iyaye kuwa suna lura. Makarantar da ke canza malamin aji uku sau biyu a shekara, ba da jimawa ba za ta fara ganin ana cire yara. Haka asibitocin kuɗi ke fama da tafiyar likitoci da ma'aikatan jinya zuwa Saudiyya da Birtaniya.

Yarana suna ɗauke-ɗauke. In ƙara wa ɓarawo albashi?

Wanda halinsa sata ne, ko nawa ka ba shi zai yi, wannan korar sa za ka yi. Amma yawancin 'yan ɗauke-ɗauken da ake yi a shaguna da garejoji da gidajen mai ba daga irin waɗannan suke fitowa ba. Daga mutumin da ya lissafa ya ga abin da ake ba shi ba zai kai shi ƙarshen wata ba suke fitowa, sai ya fara biyan kansa da kansa: ƙarin naira ɗari biyu a kan farashi, lita biyu daga tankin mota, rasidin kanikanci da aka ɗan kumbura. A zuciyarsa ba ya kiran abin sata, cewa yake haƙƙinsa ne. Ba muna wanke shi ba ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma wani lissafi da masana tattalin arziki suka daɗe da lura da shi. Wanda albashinsa ya fi na kasuwa yana da abin da zai rasa in aka kore shi, don haka yana tsare aikinsa ko ba ka nan. Wanda albashinsa bai taka kara ya karya ba, kora ba ta tsorata shi, domin gobe zai samu irinsa a layi na gaba. Na farkon ba ya bukatar a sa masa mai sa ido. Na biyun kuwa sai ka sa kyamara, ka sa ɗan'uwanka a kan kanta, kai ma ka kasa zuwa ɗaurin aure don kar ka bar shago.

To nawa ne albashin adalci? Ba gwamnati ta yanke 70,000 ba?

Ta yanke. A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, aka kuma rage wa'adin sake duba shi daga shekara biyar zuwa uku. Kafin nan 18,000 ne daga 2011, sai 30,000 daga 2019. Wasu jihohi sun ɗora kaɗan a kai: Kano 71,000, Kaduna 72,000, Legas 85,000.

A takarda an ninka fiye da sau biyu. A kasuwa kuwa labarin daban ne. Naira 30,000 a 2019 ta haura dala 80. Naira 70,000 a 2024 ba ta kai dala 50 ba. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya ta haura 1,000. A 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari, na abinci ya kai 40, kuma a kasuwanni da dama buhun shinkafa ɗaya ya fi albashin watan gaba ɗaya. Raba 70,000 gida talatin, za ka samu kimanin naira 2,300 a rana. Cire kuɗin mota zuwa da dawowa, ka ga abin da ya rage na cefane, haya, magani da kuɗin makaranta.

Saboda haka adadin doka shi ne matakin ƙarshe na ƙasa. Ma'aunin da ya fi amfani ga maigida shi ne ya tambayi kansa: da abin da nake ba wannan mutumin, zai iya zuwa aiki kullum, ya ci sau biyu shi da iyalinsa, ba tare da ya nemi wata hanya ba? In amsar a'a ce, to yana da wata hanyar, kai ne dai ba ka san ta ba.

Ma'aikatana ba su kai 25 ba. Ai dokar ba ta hau kaina ba.

Haka ne, dokar ta keɓe wuraren da ke da ƙasa da ma'aikata 25, da masu aikin wucin gadi, da waɗanda ake biya da kamasho, da aikin damina irin na gona. Kotu ba za ta kira ka ba. Duk abin da aka faɗa a sama kuwa bai tsaya jiran kotu ba.

Me ya haɗa albashin leburan wani kamfani da cinikina?

Je Kasuwar Singa ka tsaya ka kalli abin da ake lodawa: taliya, sukari, omo, madara, magi, man gyaɗa. Waɗannan kayan ba attajirai ke cinye su ba. Mai kuɗi komai dukiyarsa ciki ɗaya ne da shi, ba zai ci kwano goma na shinkafa a rana ba. In ya samu ƙarin miliyan, ƙila ta tafi fili, ko dala, ko gida a Abuja ko Dubai. Lebura in ya samu ƙarin dubu goma, kafin sati ya zagayo ta shiga hannun mai awo, mai nama, tela, mai kemis da ɗan sahu, su kuma su saro kaya daga wurinka. Albashin da wani ke biya shi ne cinikin da kai kake yi.

Kaduna ta ga wannan da idonta. Lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki, irin su KTL da aka buɗe a 1957, da UNTL, da Arewa Textiles, dubban ma'aikata ne ke karɓar albashi duk wata. Da masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ba ma'aikatan kaɗai suka shiga uku ba. Masu gidajen haya, masu abinci, masu motocin haya, dillalan auduga da manomanta a Funtuwa da Gusau, kowa ya ji a jikinsa. Haka abin yake a Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano. Ba tsadar albashi ce ta kashe waɗannan masana'antu ba. Rashin wutar lantarki ne, da kayan fasa-ƙwauri, da yadin China mai araha. Amma mutuwarsu ta nuna yawan attajiran da ke cin abinci daga aljihun ma'aikacin da ba su taɓa gani ba.

A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, na cikin talauci ta fuskoki da yawa, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa suke. Ga ɗan kasuwa, wannan adadin na nufin kwastomomin da ba su da abin saye. Hatta Asusun Lamuni na Duniya, wanda ba a san shi da tausayin talaka ba, ya fitar da bincike a 2015 da ya nuna cewa idan kason masu ƙaramin ƙarfi ya ƙaru tattalin arziki ya fi haɓaka, idan kuma kason na saman ne ya ƙaru, haɓakar kan ja baya.

Ba ƙarin albashi ne ke jawo tsadar kaya ba? Mun ji labarin Udoji.

Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma dattawa na da hujja. A zamanin Gowon, bayan rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974, an yi wa ma'aikatan gwamnati ƙari mai yawa har da ariyas na watanni a dunƙule. Kuɗi suka malalo kasuwa lokaci ɗaya, kaya ba su ƙaru ba, farashi ya yi tsalle, ƙarin ya narke.

Sai dai a lura da bambanci. Udoji kuɗin mai ne gwamnati ta zuba a hannun mutane da yawa a rana ɗaya. Mai kamfanin da ya ɗebi wani abu daga ribarsa ya ƙara wa ma'aikata bai buga sabon kuɗi ba, hannu kawai kuɗin ya canza. Kuma tsadar da muka shiga daga 2023 ta riga ƙarin albashi zuwa da fiye da shekara guda. Fetur da faɗuwar naira da rashin tsaro a gonaki ne suka kawo ta. Albashi baya ya biyo, kuma har yau bai kamo ba.

Idan aka tilasta ƙari, ba korar ma'aikata za a yi ba?

Ya danganta da girman ƙarin. An daɗe ana koyarwa a jami'o'i cewa duk ƙarin mafi ƙarancin albashi na rage ayyuka. A 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga nata daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta ɗaga ba. Wasu masana biyu, David Card da Alan Krueger, suka bi gidajen abinci kimanin 400 a ɓangarorin biyu kafin ƙarin da bayansa, ba su ga ayyuka sun ragu a New Jersey ba. An yi ta jayayya a kan binciken, amma Card ya samu kyautar Nobel a 2021. Jamus ma ta kafa mafi ƙarancin albashi na ƙasa a 2015, Yuro 8.50 a awa, kuma asarar ayyukan da aka yi ta hasashe ba ta auku ba.

Wannan ba ya nufin ko nawa aka yanke zai ɗauku. Da an amince da naira 615,000 da ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ta fara nema a 2024, da wuya ƙananan kamfanoni su rayu. Tsakanin abin da zai karya maigida da abin da ake biya yanzu a wurare da yawa akwai fili mai faɗi.

Ni ina da katanga, ina da maigadi, yarana na karatu a waje. Talaucin gari ina ruwana?

Lissafa abin da kake kashewa don ka zauna lafiya a cikin garin da ba shi da lafiya. Katanga mai tsawo da waya a kai, masu gadi dare da rana, ɗan sanda a gaban mota, tikitin jirgin sama saboda hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama abin tsoro. Waɗanda suka koma jirgin ƙasa don gudun hanyar, su aka tare a ranar 28 ga Maris, 2022, aka kashe wasu, aka yi watanni da wasu a daji. Gonar da ka saya a ƙauye ka daina zuwa. Duk wannan haraji ne, sai dai ba gwamnati ke karɓa ba, kuma ba a gina maka titi da shi.

Afirka ta Kudu ce Bankin Duniya ke sawa a sahun gaba wajen tazara tsakanin mai shi da mara shi, kuma a can masu gadi na kamfanoni sun fi 'yan sanda yawa nesa ba kusa ba. Mu ma mun ɗanɗana. A ranar 1 ga Agustan 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano ta rikiɗe, aka fasa shaguna da rumbuna, aka wawushe sabuwar cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, gwamnati ta sa dokar hana fita, kasuwanni suka rufe. Asarar ta fi faɗa wa masu kaya, domin su ne ke da abin da za a kwasa.

Talauci ba ya mai da mutum ɗan fashi. Mafi yawan talakawa ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba, kuma su ne suka fi shan wahalar 'yan bindiga. Amma masu neman yaran da za su ɗauka aikin ta'asa sun fi samu a inda matashi ya gama lissafi ya ga aikin halas ba zai taɓa kai shi ko'ina ba. Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, mai ra'ayin riƙau ne kuma ɗan gidan sarauta, amma shi ya kafa inshorar lafiyar ma'aikata a 1883, ta haɗari a 1884, da fansho a 1889. Ba son leburori ne ya sa shi ba. Tsoron kada su bi 'yan gurguzu su kifar da gidan gaba ɗaya ne.

Ka kuma duba bakin ƙofarka. Mutumin da ya san lokacin fitarka da dawowarka, ya san motar da ke kai yara makaranta, ya san ranar da ka yi tafiya, shi ne sau da yawa mai mafi ƙarancin albashi a gidan, wani lokacin ma sai ya bi ka bashin wata biyu.

Ina fitar da zakka, ina rabon abinci da azumi. Bai wadatar ba?

Allah Ya karɓa. Amma zakka haƙƙin matalauta ce a cikin dukiyarka, lada kuwa haƙƙin wanda ya yi maka aiki ne, ɗaya ba ta ɗauke ɗaya. Hadisin da ke cewa a bai wa ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kowa ya haddace shi. Akwai wanda ya fi shi tsanani a Bukhari, inda aka lissafa mutum uku da Allah da kanSa zai yi jayayya da su ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki mutum aiki, ya karɓi cikakken aikin, bai biya shi ba. Abin mamaki ne a ga layin karɓar buhun gero a ƙofar gidan Alhaji, a cikin layin kuma har da ma'aikatan kamfaninsa. Kyauta kan sa a yi maka godiya ranar. Albashi mai tsari kuwa shi ke bai wa mutum damar kama haya, ya sa yaro makaranta, ya ci bashi ya san ranar biya.

Ciniki babu, dizal ya cinye riba, kuɗin wuta ya ninka. Daga ina zan fara?

Fara da abin da ba ya cin ko sisi: biya a kan lokaci. Ma'aikacin da ya san 28 ga wata kuɗinsa na shigowa ya fi wanda ake ba shi fiye amma sai ya yi ta sintiri yana "Alhaji, maganar nan". Daina yankan albashi a kan kowane ƙaramin kuskure. Bayan haka, abincin rana da kuɗin mota. A hannunka sun fi araha idan ka saya a dunƙule, a wurinsa kuma su ne rabin damuwar. In ba za ka iya ƙari tsayayye ba, ɗaura shi da ciniki: kaso kaza a kan kowane bandir ko kowane buhu da ya wuce adadi kaza, a faɗa a gaban kowa, a kuma cika.

Ga masu yaran shago, akwai batun sallama. Al'ada ce mai kyau, yaro ya yi shekaru da ubangidansa, a ƙarshe a ba shi jari ko shago ya tsaya da ƙafarsa, kuma yawanci daga wurin ubangidan zai ci gaba da sarin kaya, ka ga an samu sabon dila. Inda take lalacewa shi ne rashin wa'adi: shekara bakwai, takwas, goma, sai ana dab da lokaci a ƙirƙiro laifi a kore shi hannu rabbana. Sauran yaran suna kallo, kuma daga ranar kowannensu zai fara tara sallamarsa da kansa daga cikin aljihun tebur. A zauna da mahaifin yaro ko wakilinsa tun ranar farko, a yanke shekaru, a yanke abin da za a ba shi, a rubuta, shugaban layi da mutum biyu su sa hannu.